Shekarar da Na Sare Armuwar ɗin Dadarku

Tun da na fara wannan rubutu Habu yake tambayata a waya ko na zo kan maganar armuwar, ina ce masa ban zo ba, har yanzu ina zamanin kaset. To ga shi na zo. Ku ukun kun san rabin labarin, kuma rabin da kuka sani shi kuke ba 'ya'yanku, har ranar nan 'yar Zainabu ta tsaya a gabana ta riƙe ƙugu tana tambayata wai da gaske ne na sare gadon kakarta don in yi waƙa. Ban taɓa yin waƙa ba a rayuwata, kuma ba gado ba ne. Armuwar ne, babban kabad na katakon maɗaci mai ƙofa biyu, wanda kakanku na wajen uwa ya sa a kayan ɗakin Dadarku ranar da aka kawo ta gidan nan. Na sare shi, wannan gaskiya ne. Katifarta ma ni na yayyanka ta da wuƙar fawa. Sauran da ba ku sani ba shi zan rubuta, yadda ya faru.

Lokacin kaset ya riga ya mutu, na rufe shagona na kaset na koma yi wa 'yan kasuwa talla. Duk wanda ya ratsa kasuwar Garwa a shekarun nan ya ji muryata ko bai san fuskata ba. 'Yar lasifikar da mai maganin ɓera yake ratayawa a baro, da ta mai gwanjo, da ta mai sabulu, tana maimaita magana ɗaya da Fulatanci, ta juya Hausa, ta rufe da Faransanci, duk ni ne. A zaure nake ɗauka, da waya, in yafa bargo a ka in yi ihuna in gama. In kukan akuya ya shiga ko hon ɗin moto, wato babur, babu wanda ya taɓa dawo mini da aiki, don kasuwar da za a kunna shi ta fi gidana hayaniya. Ku riƙe wannan: sana'ata ba ta taɓa buƙatar ɗakin ɗaukar murya ba, kuma da don ita ce da ban sayi ko ƙusa ɗaya ba.

A ƙarshen sanyin shekarar muryar Dadarku ta dishe. Muka ce mura ce. Aka yi zuma, aka yi citta da kanumfari, sanyi ya wuce zafi ya shigo, murya ba ta dawo ba. Na kai ta lopital. Likitan ya zura mata wata 'yar igiya mai fitila ta hanci, ya daɗe yana kallo, sannan ya yi mana bayani da Faransanci ya sake da Fulatanci don kada mu ce ba mu gane ba. Ƙari ne a maƙogwaro. Sai an je Yawunde an cire shi, kuma tare za a cire da abin da ke ba da murya. In Allah ya so za ta rayu, amma ba za ta ƙara magana ba. Ya sa mana ranar aikin farkon damina, ya ce kafin nan ta rage magana iyakar iyawarta, don duk kalmar da ta fitar tana ƙara cin wurin. Muka iso gida. Sai da ta cire mayafi ta ninke shi ta ajiye.

"Malam, kada ka faɗa wa kowa."

"Har yaran?"

"Su ne ma na farko. In suka ji, gidan nan cika zai yi daga Duwala har Marwa, kowa da 'yaya jiki'. Ni kuwa ba zan ƙarar da 'yar muryar da ta rage mini a kan 'da sauƙi, da sauƙi' ba. Ina da inda zan kai ta."

Na tambaye ta ina. Ta ce tana so ta bar wa kowane ɗa magana, irin yadda nake yi wa masu maganin ɓera, a sa a katin memori a ajiye. Na ce wannan ai ba aiki ba ne, ga waya nan, ta fara yanzu ma. Sai ta nuna mini bango da haɓa. Kun san gidanmu, gidan gado ne, ɓangarenmu da na ƙanena Isuhu bulo ɗaya ya raba su, saman kuma kwano ɗaya ne ya rufe mu duka. In Larai matar Isuhu ta yi atishawa a ɗakinta, mu muke ce mata yarhamukillah. Na ce to akwai yara masu situdiyo a gari. Ta dube ni kamar na ce ta je ta yi wanka a bakin titi.

"Ka yi mini wurin da in na yi magana, ko kai ba za ka ji ba."

Ba ta ce mini don Maimuna take yi ba, ni ma ban tambaya ba. Amma kai Habu da ke Zainabu, babu abin da za ta faɗa muku wanda ba ta riga ta faɗa a tsakar gida ba, da ƙarfi ma, maƙwabta suna shaida. Maimuna ce 'yar fari. Ana yaye ta yayata Goggo Asabe ta ɗauke ta ta tafi da ita unguwar Domayo a Marwa, can ta girma, can ta yi lise, wato sakandare, can aka yi mata aure. Dadarku ba ta taɓa kama sunanta ba. Ta Domayo take ce mata, ita kuma Maimuna tana ce mata Adda, kamar yayarta. In ta zo hutu, Dada ba ta haɗa ido da ita, sai dai ta dubi Zainabu ta ce a gaya wa Ta Domayo abinci yana murhu, alhali yarinyar tana zaune a gabanta. Haka iyayenmu suka yi wa 'ya'yansu na fari, ni kaina uwata ba ta taɓa kiran sunan Asabe ba, kunya ce ba ƙiyayya ba. Maimuna ta san wannan a kanta, amma zuciyarta ba ta taɓa karɓa ba. Tana budurwa ta taɓa gaya wa Goggo Asabe cewa Adda ba ta ƙaunarta, maganar ta iso Garwa, Dada ta ji ta ci gaba da tankaɗe. Yanzu ga shi saura 'yan watanni, in ruwa ya sauka ba a yi ba, to ba za a ƙara yi ba.

Na share kusurwar ɗakin ajiya inda tsofaffin kaset suke jibge. Na kafa katako huɗu, na buga allon silin a jiki, na bi masu shayin unguwa na tattaro kiret ɗin ƙwai na manna ciki da waje, don kowa ya san wai kiret ɗin ƙwai yana tare sauti. Da na gama abin ya yi kyau a ido, har na ja baya ina kallonsa. Dada ta zo ta shiga, ta ce in tsaya a waje. Ta jima kaɗan ta fito.

"Me na ce?"

"Kin ce miyar jiya gishiri ya yi yawa."

"To ka gani."

Ta koma ɗakinta. A ranar na gane abin da shekaruna a kan kaset ba su koya mini ba. Kiret da soso suna hana murya yin amo a ciki ne kawai, ba sa hana ta fita. Abin da ke tare ta nauyi ne, da toshe kowace kafa, don duk inda iska ta bi murya ma bi take yi. Kuma ni duk tunanina a kan yadda zan hana hayaniyar gida shiga ne, ita kuwa abin da ke fita ya dame ta. Na ƙara barguna, na ƙara tsohuwar darduma, na samo buhunan ragowar auduga na jingina. Gwaji na biyu ni ban ji kalma ba, sai gunaguni. Amma Larai ta zo wucewa ta bayan taga da bokiti, ta ɗaga murya.

"Adda Rabi, da wa kike hira a ciki? Ko Yaya ya ajiye miki aljani ne?"

Dada ta fito ba ta ko dube ni ba. Da la'asar ta kira ni ɗakinta. Na same ta a tsaye gaban armuwar tana ƙwanƙwasa ƙofarsa da bayan yatsa. Katako ne mai kauri, irin wanda maza huɗu suke ɗauka suna nishi.

"Wannan fa?"

Na ce a'a. Na ce kayan ɗakinta ne, hannun mahaifinta ne, ba ni na saya ba, kuma namiji ba ya taɓa kayan ɗakin matarsa ya zauna lafiya a gari. Na ce ta ba ni lokaci in nemo katako mai nauyi.

"Lokacin a ina za ka saye shi? Armuwar ɗin nawa ne ko naka?"

"Naki ne."

"To sare shi. Ka haɗa da katifar. Ni da gadon lopital yake jirana."

Ita da kanta ta kwashe zannuwanta da kwanoninta ta jera a ƙasa. Na kira Bello kafinta. Da ya ga abin da ake so ya yi, ya ajiye zarto ya ce, "Useni, don Allah, Malam, kada ka sa ni wannan aiki, irin katakon nan ya ƙare a duniya." Na karɓi zarton na fara da hannuna, sannan ya kama mini. Muka cire kantoci, muka yanke bayan gaba ɗaya, muka ƙara masa zurfi da katakon kantocin yadda mutum zai zauna a kujerar tsuguno gwiwarsa ba ta taɓa ƙofa ba. Na ɗora shi a kan gutsattsarin tsohuwar taya, don girgizar injin niƙan maƙwabta ta ƙasa take bi. Na yanka katifar na buga ta sama da ƙasa da kowane gefe, na lulluɓe da tsohon zani don kada garin soso ya shiga mata wuya. Na samo buhunan siminti da direbobin masana'antar Figil suke yarwa, na ɗauki baro na yi ta jigilar yashi daga bakin kogin Binuwai, na cika su na gina bango na biyu kewaye da shi har sama. Bakin ƙofa na bi shi da robar tib ɗin moto. Na sa bututun iska mai lanƙwasa biyu na cusa masa soso a jiki, na rataya 'yar fitilar batir, na ɗaura makirfo da zare don kada hannu ya taɓa shi, na kafa bakin rariyar shayi a gabansa na ja masa safa, don in ba haka ba duk "ba" da "fa" sai su fashe kamar an buga ƙofa. Larai ta leƙo ta ce, "Yaya, wannan firij ne ko tanderu?" Sunan da ya bi shi ke nan a gidan, firij. Na ce musu aikin talla ne ya ƙaru.

Gwaji na uku ba a shiga da waya ba, don gwajin bango ne kawai. Ta shiga na rufe. Na kara kunnena a jikin buhu, na zagaya bayan taga inda Larai ta bi, na dawo. Ina jin tantabaru a kan kwano, ina jin moto a titi, daga ciki kuwa ko tari. Ta daɗe fiye da sauran gwaje-gwajen. Da ta turo ƙofar fuskarta sharkaf da gumi.

"Me na ce?"

"Ban ji ba."

Ta dube ni na ɗan lokaci. "To ya yi."

"Me kika ce?"

"Da ka yi aikin banza da ka ji."

Daga nan muka kama tsari. Bayan azahar, lokacin da zafi yake kwantar da Garwa gaba ɗaya har mai injin niƙa ya kashe ya nemi inuwa, sai ta jiƙa zani a randa ta yafa, ta ɗauki kofin ruwa ta shiga. Ba fanka, don makirfo ba ya yafe wa fanka. Na koya mata inda za ta danna jan maɓalli. Da farko na sa ɗan gilashi a ƙofar don in ga ko ta suma, ranar farko ta rataya kallabinta a kai, ta ce kada in karanta bakinta. Sai muka yi dabara. Na zura zare ta bututun iska, ta ɗaura a wuyan hannu, ni ina riƙe da ɗaya bakin a waje a kan kujera. Jefi-jefi ta ja shi in san tana nan. In ya daɗe bai motsa ba ni in ja, ita ta mayar. Ta sa na rantse ba zan saurara ba. A aikina kunne ne yake gyara murya, ya cire wannan ya ɗaga wancan, amma nan ba halin gyara, yadda ya fito haka zai zauna. In ta fito sai ta miƙo wayar ta ce "na Habu" ko "na auta", wato Zainabu. Mafi yawan ranaku kuwa "na Ta Domayo" take cewa. In juye a kati ina kallon koren zanen da ke tashi yana sauka a fuskar kwamfuta, sautin a kashe. A zanen nan na ga muryarta tana ƙarewa, don kowane mako gajarta yake ƙarawa.

A cikin gida ta daina magana kusan gaba ɗaya. Nuni take yi, ko ta gyaɗa kai. Matar da tun asuba take fara lissafo mini laifuffukana, yanzu sai mu wuni ban ji jimla uku daga bakinta ba, duk ta tara ta kai firij. Wata rana da ta miƙo wayar na ce, cikin wasa, ni fa?

"Kai shekara nawa kana jina? Bai ishe ka ba?"

Na ce ya ishe ni har ya yi yawa. Ta yi dariya, ba sauti. Ban ƙara tambaya ba.

Ana cikin haka Maimuna ta zo Garwa bikin ƙawarta, ba ta sanar ba. Ta gaishe ni a zaure ta shiga ciki. Ta samu ɗakin Adda wayam, zannuwa a ƙasa, tabarma a inda katifa take. Ta gaida ta, Dada ta amsa da kai tana kallon gefe, kamar kullum, sai dai yanzu ko "a gaya wa Ta Domayo" ɗin ma babu. Larai ce ta kai ta ɗakin ajiya ta nuna mata, tana ganin abin dariya ne. Ta dawo zaure ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Baba, ina armuwar ɗin Adda?"

"Yana ɗakin ajiya."

"Na gan shi. Na ga katifar ma a jikin bango. Don tallan maganin ɓera?"

Na ce aiki ne ya taso.

"Ku yi haƙuri, Baba, ni ba ni da bakin magana a gidan nan, an daɗe da nuna mini haka. Amma mace mai shekarunta a tabarma, murya duk ta tafi, ba a kai ta lopital ba, an kai kayan ubanta wurin kafinta."

Dada tana bayan labulen da ya raba zaure da tsakar gida, ina ganin ƙafafunta. Na ɗaga ido, ta ɗan yaye labulen ta girgiza mini kai. Na yi gum. Maimuna ta jira amsa ba ta samu ba, ta tashi. Ba ta kwana ba, daga gidan biki ta wuce tasha. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma da Dadarku ya ɓaci, ba da yarinyar ba, don yarinyar abin da ta gani ta faɗa. Na ce mata ta ji abin da 'yarta ta gaya mini a gidana.

"Na ji. Ka riƙe mini sirrin nan, Malam. Ba daɗewa zai yi ba."

Na riƙe. Washegari kai Habu ka kira daga Duwala, ka ce in kuɗi nake nema me ya hana in tambaye ka, ban manta ba. Ke Zainabu kin aiko da sabuwar katifa a saman mota daga Tcholliré, da saƙon gaisuwa ga kowa har da 'ya'yan Isuhu, ban da ni. A masallacin unguwa aka fara gaishe ni da ɗan murmushi, don labari ya fita cewa tsufa ya taɓa mai talla, ya gina wa kansa situdiyo da kayan ɗakin matarsa. Maimuna kuwa ta daina kira. Bayan azahar kuma in koma kujerata in riƙe zare.

Da hadari ya fara haɗuwa ta gabas ta fito wata rana ta kwance zaren ta ce ta gama. Ta ƙulla kowane kati a bakin kallabi daban, ta ce kada in ba kowa sai bayan ba ta nan, kada kuma in faɗi cewa akwai su, don ba za ta iya zama gida ɗaya da Ta Domayo ba bayan ta ji. Muna kan hanyar Yawunde, daga tashar jirgin ƙasa a Ngaundere na kira ku ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya biyo baya kun san shi. Aka yi aiki, muka dawo, ta ƙara shekara da wani abu tana kiran mutane da buga cokali a kwano. Maimuna ce ta fi kowa zama jinya, tana goge mata bututun wuya, Dada tana kallon bango. Ni kuma ta riƙa gaishe ni gaisuwar baƙo. A ganinta na ɓoye muku ciwon uwarku, na kuma ɓata watanninta na ƙarshe ina wasa da zarto. Ban iya cewa komai ba, don in na faɗi amfanin firij na faɗi katunan.

Bayan addu'ar uku na kira ku ɗakin ajiya na kwance kallabi na ba kowa nasa. Habu ya sa a aljihu ya fita. Zainabu ta kunna nan take, tana kuka tana dariya, don daga buɗewa faɗa Dada ta fara yi mata a kan yadda take barin shinkafa ta caɓe. Maimuna ta riƙe nata a tafin hannu, ta dubi tsakar gida cike da masu gaisuwa, ta ce a ina mutum zai saurara a gidan nan. Na nuna mata ƙofar armuwar. Ta tsaya kaɗan, sannan ta shiga da wayarta. Na kunna mata fitila na rufe. Ban san lokacin da na zauna a kujerar nan ba, hannuna a buɗe a kan gwiwa, ba zare. Ko ta yi kuka ko ba ta yi ba, ba zan iya gaya muku ba, ban ji komai ba. Ta daɗe har na fara tunanin buɗewa, sai ta turo da kanta, mayafinta ya jiƙe.

"Baba, kun ji abin da ke ciki?"

"Ban ji ba."

"Ta kira ni. Tun daga farko. Maimuna, Maimuna, Maimuna, ba ta ce komai ba sai da ta kira ta kira, kamar mai koyo. Ashe haka yake a bakinta."

Ta juya ta shafa soson da ke jikin ƙofar, ta shafa inda zarto ya bi. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, tsakanin uba da 'yar fari ba a yin irin wannan. Da safe ita ta kawo mini kunu da hannunta, ta durƙusa har na gama sha. Da za ta ɗauki kofin ta ce, "Naku fa, Baba? Me ta ce muku?" Na ce ba ta yi mini ba. Ta ɗauka ɓoyewa nake yi, kuma na san har yau ku ukun haka kuka ɗauka, kuna zaton akwai kati na huɗu a wani wuri. In na mutu kada ku wahalar da kanku da bincike, babu shi.

Wannan shi ne abin da armuwar ya ci mini, ba maganar masallaci ba, ba fushinku ba, waɗannan duk sun wuce. Watannin ƙarshe da uwarku take da murya, a bakin ƙofa na yi su, taku ɗaya tsakanina da ita, ina riƙe da zare. Na ji zafin wannan a lokacin, ina jin sa yanzu, kuma da za a maimaita haka zan sake yi, don Maimuna ta fi ni buƙata. Abu ɗaya ne nake komawa kansa, ranar gwaji na uku da ta daɗe a ciki ba waya. Ni ma ba ta taɓa kama sunana ba, Malam take cewa tun ranar da aka kawo ta. Ban ce shi ta faɗa ba. Mai yiwuwa maganar gishiri ce ta sake.

Habu, ka ce a rushe firij don gara ta fara bin buhunan, a ba ɗan haya ɗakin. Ku bari sai ba na nan. Ranar nan na shiga na duba robar ƙofar, har yanzu ba ta saki ba. Ni na ja ta, ni na buga mata ƙusa, ban bar ko kafar allura ba.